Ranar da na gyara wa Masta Brimah Hausa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 16 ga watan Oktoba 2024, ina cikin aji ina koyarwa wayata ta yi motsi a aljihu. Ban duba ba sai da aka fita hutu. Fauziyya ce, ma'aikaciyar jinya a babban asibitin da ke Bantama a nan Kumasi, kuma ɗaya daga cikin 'yan zamanmu na masu karatu. Saƙon gajere ne: Masta Brimah ya cika da hantsi, za a yi jana'iza bayan La'asar. Yana da shekara sittin da takwas. Ya bar matarsa Mma Hadijatu, da 'ya'ya huɗu, da jikoki bakwai.

Ga wanda bai san shi ba, Masta Brimah bakanike ne, fita kamar yadda muke cewa a nan, ya yi shekara hamsin da ɗoriya a Suame Magazine, unguwar makanikai, yana gyaran manyan motoci. Shi ne kuma ya kafa zaman da muke yi duk Lahadi bayan La'asar a Ayigya Zango, a rumfar shagon Latif mai fotokofi, inda kowa ke faɗin littafin da yake karantawa da abin da ya gani a ciki. 'Yan zaman sun ce ni zan rubuta ta'aziyyarsa, tunda ni ne malamin Hausa a cikinsu. Na so in ƙi. Na ga kuma ƙin wani gudu ne a kan gudun da na riga na yi, shi ya sa na karɓa. Sai dai zan rubuta ta yadda abin ya faru, ko da ba zai yi mini kyau ba.

Baba Brimah, da kai zan yi magana yanzu, tunda lokacin da kake iya jina ban zo ba.

An haife ka a wani ƙauye kusa da Bawku, ka zo Kumasi kana ɗan shekara goma sha huɗu a bayan motar albasa. Harshen mahaifiyarka Busanga ne. A hanya da kasuwa da ƙarƙashin mota ka tsinci Mosanci da Twi da Turancin titi da Hausa. Ba ka taɓa zama a aji ba sai da ka haura talatin. Ka gaya mana abin da ya kai ka ajin yaƙi da jahilci: mahaifiyarka takan sa a rubuto maka wasiƙa daga gida, kai kuma sai ka kai wa wani mai sayar da kayan mota ya karanta maka. Wata rana ya karanta da ƙarfi a gaban mutane, har inda tsohuwar take kukan ciwon da ba a faɗa wa bare. Ka ce tun ranar ka yi wa kanka alkawari babu wanda zai sake karanta maka maganar uwarka. Shekara biyu ka yi kana zuwa ajin da baƙin mai a farce. Da ka iya, ba ka tsaya a wasiƙa ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa shagonka ya san akwatin katakon nan da ke bisa kanta, nesa da inda mai ke tsiyaya. Littattafai ne a ciki, na Hausa da na Turanci, yawancinsu na hannu da kake tsinta a bakin titin Kejetia. Kowanne ka yi masa riga da takardar buhun siminti. Ba ka taɓa buɗe akwatin sai ka wanke hannu sau biyu, da kananzir sannan da sabulu. Abokan aikinka Asantawa sukan tsokane ka, su ce Masta yana wa littafi alwala. Kai kuma ka yi dariya ka ce ai littafin bai yi maka laifin da za ka shafa masa girisi ba.

Ni tun ina ƙarami na san ka, domin kai ke gyara motar da mahaifina yake ja tsakanin Kumasi da Bawku. Ya rasu ina shekara goma sha uku. Kawuna ya yanke shawarar a cire ni daga makaranta a kawo ni wurinka in koyi aiki, ya kama hannuna har Magazine. Ka ba shi kujera, ka aika aka sayo masa ruwa, ka saurare shi har ya gama. Sannan ka ce masa kana da yara sun ishe ka, amma ko ba ka da ko ɗaya ba za ka karɓi ɗan marigayi ba, domin marigayin ya sha gaya maka cewa yaron nan na alƙalami ne. Ban sani ba ko mahaifina ya taɓa faɗar haka. Mahaifiyata ta ce ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Amma kawu bai iya musa wa mamaci ba, na koma makaranta. Kafin mu tafi ka wanke hannu, ka buɗe akwatin, ka ba ni wani ƙaramin littafin labari, ka ce in karanta in dawo ranar Lahadi in gaya maka ra'ayina. Babu babban da ya taɓa tambayar ra'ayina a kan komai kafin ranar.

Da na samu gurbin karatu a Kano, kai ka kai ni tasha. Da na dawo bayan shekara biyar da takardar shaida a hannu, kai ka fara zagawa da ni Zango kana gaya wa mutane ga Malam Rafi'u, ya je ya karanto Hausa a inda aka haife ta. Tun daga ranar ba ka sake kirana da sunana tsura ba. Ni da ka goya a kafaɗa na zama Malam a bakinka.

Zaman Lahadi ya fara ne da mutum uku a kan benci ɗaya, kai da Latif da ni. Daga baya Fauziyya ta shigo, da ɗaliban jami'a da ke haya a unguwar, da wasu 'yan kasuwa, har mukan kai ashirin. Dokokinka biyu ne kawai. Na farko, ba a cewa littafi ya yi daɗi a yi shiru, sai an nuna inda daɗin yake. Na biyu, ba kunya ba ne mutum ya ce bai gama ba, ko bai gane ba. Kai ne ka fi kowa amfani da doka ta biyu. Sau da yawa kakan buɗe shafi ka nuna kalma da yatsa ka ce wannan ta fi ƙarfinka, a taimaka. Ɗaliban da suka zo da ɗagin kai sai ka ga su ma sun fara fito da nasu kalmomin.

Ka fi kowa jinkirin karatu, littafin da muke gamawa a kwana uku kai sai ka yi wata guda. Amma ba abin da ke wuce ka. Kana tuna sunan maƙwabciyar da aka ambata sau ɗaya a babi na biyu. In marubuci ya ce mota ta tashi daga wani gari da asuba ta isa wani gari da azahar, sai ka ce ko dai marubucin bai taɓa bin hanyar ba, ko direban ya tsaya a wani wuri da ba a gaya mana ba, kuma kana son sanin ina ne. Mukan yi dariya, sannan mu koma gida mu duba.

Latif ya tuna mini cewa bai taɓa ara maka littafi ya dawo yadda ya tafi ba, kullum sai ya dawo ya fi kyau. In bangon ya ɓalle ka ɗinke da zaren da ake ɗinka kujerar mota. Fauziyya ta ce lokacin da mijinta ya rasu ta daina zuwa zaman, duk ranar Juma'a sai ka biyo ta gidansu ka miƙa wa mahaifiyarta littafi ɗaya, ba ka shiga, ba ka tambayi ko ta karanta na baya ba. Wata huɗu kana haka har ta dawo da kanta. Alfa Zuberu, tsohon limamin unguwarmu da idonsa ya tafi, shekara shida kana zuwa kana karanta masa jarida da littattafan tarihi, yana gyara maka sunayen Larabci kana gode masa.

Da muka buɗe dandalin WhatsApp na zaman, ba ka iya rubutu a waya da sauri, sai ka riƙa turo murya. Muna jin guduma da injin walda a bayanka, kana cewa, "Salamu alaikum jama'a, ni dai na kai shafi tamanin, amma yarinyan nan ban yarda da shi ba." Wani lokaci saƙon ya kai minti bakwai. Wasu daga cikinmu sai sun ji muryar nan suke jin mako ya fara.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

A watan Fabrairun bana wani malamina na Kano ya zo taro a jami'a. Na roƙe shi ya halarci zamanmu, ya amsa. Na yi mako guda ina shiri. Ina so ya ga cewa ɗalibinsa bai zo Kumasi ya lalace ba. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, tun ina Kano nake jin kunyar Hausarmu ta Zango. An yi mini dariya a shekarar farko, duk lokacin da na ce wa mace "shi", ko na ce "motan" maimakon "motar". Na yi ta goge harshena har ya daina nuna inda na fito, na kuma dawo gida da wannan kunyar a cikina, ina kiranta ilimi.

Littafin da muke karantawa a lokacin labarin wa da ƙane ne da suka gaji babbar mota daga mahaifinsu. Wan ne ke jan ta, da ita yake ciyar da gida. Ƙanen ya faki ido ya sayar da ita, zumunci ya watse, har littafin ya ƙare ba su shirya ba. Dukanmu mun tafi a kan cewa ƙanen maci amana ne. Ni na yi jawabi mai tsawo a gaban baƙon a kan kwaɗayi da lalacewar zumunci a zamanin nan, na kawo kalmomin da na san babu mai gane su a rumfar sai ni da shi.

Da na gama ka ɗaga hannu, kamar yadda ka saba ko da kai ne babba a wurin. Ka ce kai ba ka ga kwaɗayi ba. Ka buɗe wurare uku da ka sa wa alama da tsinken ashana. A na farko marubucin ya ce wan yana taka birki sau biyu kafin motar ta tsaya. A na biyu ya ce wan ya wuce mararraba bai ga allon ba sai da ƙanen ya nuna masa. A na uku matan kasuwa sun cika bayan motar a kan gangara. Sannan ka ce:

"Motan ya gaji, idon wan ma ya gaji. Ƙanen ya sani. Ba zai iya ce wa yayansa ka makance ba, shi ya sa ya sayar. Ya yarda a zage shi, da dai ya ɗauki gawan ɗan'uwansa da matan mutane. Marubucin bai faɗa ba, motan ne ya faɗa."

Na ga malamina ya ɗago kai yana dubanka. A take na gane cewa ka ga abin da ban gani ba, kuma a gaban mutumin da na fi so ya ɗauke ni da daraja. Ya kamata in ce madalla. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Baba, mota mace ce. Motar ta gaji ake cewa. Kafin mu gyara wa marubuci tunaninsa, mu fara gyara Hausarmu."

Ɗalibai biyu ko uku suka yi dariya, irin wadda mutum ke yi kafin ya gane bai kamata ba. Latif ya sunkuyar da kai. Fauziyya ta dube ni, ban iya haɗa ido da ita ba. Kai kuma ka rufe littafin a hankali, ka mai da tsinkayen ashanar aljihu, ka yi murmushi ka ce:

"Gaskiya ne, Malam. Ni a ƙarƙashin mota na koyi Hausa."

Ba ka tashi ba. Ka zauna har aka yi addu'a, ka gaisa da baƙon hannu biyu, ka yi masa fatan sauka lafiya. A hanyarmu ta zuwa masauki malamina bai ce mini komai a kan abin da na yi ba. Abin da ya ce kawai shi ne ya karanta littafin nan sau biyu, ya koyar da shi, bai taɓa lura da birkin ba, kuma tsohon nan mai karatu ne na gaske. Da na koma gida na buɗe wuraren uku. Suna nan yadda ka faɗa.

Washegari ya kamata in hau trotro, motar hayarmu ta cikin gari, in tafi Magazine. Ban tafi ba. Na gaya wa kaina cewa ai wasa ne, kai ma ka yi murmushi. Lahadi ta zagayo ka zo, ka zauna a inda ka saba, a ƙarshen benci wajen injin Latif. Da aka zo kanka ka ce yau sauraro za ka yi. Lahadin da ta biyo ma haka. Ba ka fasa zuwa ba, ba ka fasa ara wa mutane littafi ba, ka ci gaba da gaishe ni da Malam, har da tambayar lafiyar mahaifiyata. Magana a kan littafi ce kawai ka daina. A dandalin ma muryarka ta ɗauke, sai dai ka turo alamar babban yatsa. Ɗaliban da ka koya wa cewa ba kunya ba ne a ce ban gane ba, su ma suka koma auna kalma kafin su furta. Zaman ya koma kamar aji, ni ne malamin. Na lura da duk wannan, na yi kamar ban lura ba.

Da abin ya tsaya nan, da sai in ce tuntuɓen harshe ne. Bai tsaya ba. A watan Mayu wani gidan rediyo na Zango ya gayyace ni shirin Hausa na ranar Asabar, in yi bayani a kan littafin nan. Mai gabatarwa ya tambaye ni yadda nake ganin ƙanen. Na kawo birkin, na kawo allon mararraba, na kawo matan kasuwa a kan gangara, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ka jera su. Na rufe da cewa marubucin bai faɗa ba, motar ce ta faɗa. Mai gabatarwa ya ce bai taɓa jin fashin baƙi irin wannan ba, ya tambaye ni yadda aka yi na gano. Sunanka yana kan harshena. Na ce masa sai mutum ya karanta da natsuwa.

Mutane suka yi ta kira suna yabo. Da yamma Fauziyya ta kira, ba ta ko gaishe ni ba, ta ce, "Malam Rafi'u, maganar wa ka faɗa yau a rediyo?" Na ce lokacin shirin ne ya ƙure. Ta ce sunan Masta Brimah bai kai daƙiƙa biyu ba, ta kashe wayar. Daga ranar na fara zuwa zaman a makare ina tashi da wuri, don kada mu keɓe da kai. Dā kunyar abu ɗaya ke hana ni zuwa wurinka, yanzu sun zama biyu, kuma kowane mako da ya wuce sai zuwan ya ƙara nauyi.

A farkon Oktoba aka ce an kwantar da kai, ciwon ƙoda. Latif ya je, Alfa Zuberu ya sa aka ja masa hannu ya je, ɗalibai suka je rukuni-rukuni. Fauziyya ta turo mini lambar ɗakin sau biyu. A na biyun ta ƙara da cewa ka tambaye ni. Daga makarantarmu zuwa Bantama trotro biyu ne. Na tsara abin da zan faɗa maka, na sake tsarawa, na ce sai Asabar in na samu lokacin zama sosai. Asabar ɗin ta zo na ce akwai mutane da yawa a ranar, ba zan iya magana a gabansu ba, sai ta sama. Kwana goma sha biyu ka yi a asibiti. Na kama makararka da hannuna, na zuba maka ƙasa, ban ga fuskarka ba.

Ranar sadakar uku na shiga wurin Mma Hadijatu. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata gaisuwa, ina shirin tashi ta ce in dakata. Na ɗauka ta sani, na kuma shirya karɓar duk abin da za ta faɗa. Sai ta ce tana so ta gode mini. Ta ce ranar da na yi magana a rediyo kana shago, ka sa aka kashe injin walda, ka kira maƙwabta har da waɗanda ba sa jin Hausa suka tsaya suna saurare. Ka dawo gida da nama, abin da ba ka saba yi ba ranar Asabar. Ta tambaye ka abin da ya faru, ka ce mata:

"Ashe Malam ya ji ni. Ya je ya duba, ya ga gaskiya na ne. Kuma ya faɗa da Hausa mai kyau, duk Kumasi sun ji."

Ta ce ba ka ambaci cewa ban faɗi sunanka ba, ko sau ɗaya.

Sannan ta jawo wani ɗan littafin rubutu daga ƙarƙashin matashi, ta miƙo mini, ta ce wataƙila ni zan gane amfaninsa. An raba kowane shafi biyu da layin fensir. A saman ɗaya ka rubuta "ya", a saman ɗayan "ta". Mota, hanya, kasuwa, magana, rana, gaskiya a gefe guda. Littafi, birki, gida, ido, labari a ɗaya gefen. Shafi goma sha tara. Ta ce tun bayan zuwan baƙon nan na Kano, duk littafin Hausar da kake karantawa sai ka ajiye wannan a gefe kana kwashe kalmomi. A gida in ka yi magana sai ka tsaya ka gyara, su yi ta dariya, jikoki suna kwaikwayonka. Ka gaya mata cewa Malam ya nuna maka wani gyara, kuma in ka gama za ka koma yin magana ranar Lahadi.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe da littafin a hannu ba. Mutum mai harshe biyar, mai shekara sittin da takwas, ya zauna wata takwas yana koyon jinsin kalmomi don ya sami izinin magana a zaman da shi ya kafa, saboda wani yaro da ya hana a cire daga makaranta.

Na gaya wa Mma Hadijatu komai, tun daga rumfar Latif har rediyo har asibiti. Ta saurara ba ta katse ni ba. Na roƙe ta ta yafe mini a madadinka. Sai ta ce:

"Rafi'u, abin da ba ni aka yi wa ba, ba ni da ikon yafe shi. Amma shekara arba'in ina tare da mutumin nan, in an yi masa laifi ina sani. Bai taɓa ce mini ka yi masa laifi ba. Ka je ka yi masa addu'a."

Wannan bai wanke ni ba, kuma ban rubuta shi don ya wanke ni ba. Rashin riƙonka naka ne, yana cikin mizaninka. Abin da na yi yana nan a nawa.

Ga abin da ya rage a hannuna. Duk wanda ya saurari shirin nan na watan Mayu ya yaba, ya sani ba ni ya yaba wa ba. Fashin baƙin nan, daga farkonsa har jimlar ƙarshe, na Masta Brimah ne, fita a Suame Magazine, kuma da Hausar Zango ya fara faɗarsa. Na je gidan rediyon na faɗi haka a shirin Asabar da ta wuce. Na faɗa wa 'yan zaman Lahadi, na kuma roƙe su gafara, musamman ɗaliban da na sa suka daina tambaya. Fauziyya ta amsa gaisuwata a karon farko tun watan Mayu, ba ta ƙara komai a kai ba. Littafin rubutun na mai da wa Mma Hadijatu. Ban cancanci riƙe shi ba.

Ya Allah, ga bawanKa Brimah ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka saka masa da alheri kan kowane maraya da ya tsaya wa, da kowane makaho da ya karanta wa, da kowace mai takaba da ya kai wa littafi ya juya daga bakin ƙofa. Ka sa ciwon da ya yi ya zama kaffara. Ka ba shi littafinsa a hannun dama, Ka sada shi da mahaifiyarsa da mahaifina a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mma Hadijatu, da 'ya'yansa da jikokinsa, da danginsa na Bawku, da abokan aikinsa na Magazine, Musulmi da Kirista, waɗanda suka rufe shaguna suka raka shi, da Alfa Zuberu wanda ya rasa mai karanta masa, da dukan 'yan zaman Lahadi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya albarkaci abin da ya bari.

Wanda ya karanta wannan, ya yi wa Masta Brimah addu'a. In ya gama, in da sauran wuri a zuciyarsa, ya roƙa mini Allah Ya sa ranar da za mu haɗu in iya ɗaga kai in dube shi.

Rafi'u
Ayigya Zango, Kumasi